Agogo a Hannun Dogari: Tambayoyi da Amsoshi Kan Kura-kuran Finafinan Tarihi

Na yi shekaru ina riƙe da littafin ci gaban shiri, wato littafin lura da kada wata fitowa ta saɓa wa wata, a ƙananan finafinai da wasannin ƙungiyoyin matasa a nan Katsina, wani lokaci har Daura da ƙauyukan da ke tsakani. Tun da aka fara yanko guntayen fim ana yawo da su a WhatsApp, an zagaye agogon wani dogari da jan layi, tambayoyi iri ɗaya suke ta dawo mini daga ɗalibai, da masu son fara fim, da 'yan majalisarmu ta bayan la'asar. Ga su nan na tara, na fara da masu sauƙi.

Me ake nufi da kuskuren zamani, kuma ina bambancinsa da kuskuren ci gaban shiri?

Kuskuren zamani shi ne a ga abu, ko a ji magana, a lokacin da bai zo duniya ba tukuna, ko bai iso wurin da labarin ya faru ba. Ni nakan kira shi kutsen zamani, don abu ne ya kutso daga gaba ya zauna tsakiyar mutanen da. Labari ya ce muna Katsina zamanin Sarki Ummarun Dallaje, wajen 1807, sai ga kuyanga ta wuce da butar roba. Ko ana bikin auren 1965 ana liƙi da naira, alhali naira sai 1 ga Janairun 1973 ta fito.

Kuskuren ci gaban shiri kuwa, wanda 'yan fim suka fi kira kwantiniti, ba ruwansa da tarihi. Fim ne ke saɓa wa kansa. Sarki yana magana kunnuwan rawaninsa a tsaye, kyamara ta juya kan Waziri ta dawo, ɗaya ya kwanta. Ƙwaryar fura ta kai rabi, kafin ka kifta ido ta cika. Na farko laifin bincike ne, na biyu laifin lura. Agogo a hannun dogari yana tsakiya: babu wanda bai san babu agogon hannu a lokacin ba, cirewa aka manta.

Yaya ake yin irin wannan mantuwa, bayan ga mutane tsaye cike da lokeshin?

Don ba a ɗaukar fim yadda ake kallonsa. In an samu aron zauren wani hakimi na kwana biyu, duk wata fitowa ta fada, ta farkon labari da ta ƙarshensa, cikin kwana biyun nan za a ɗauke ta. Jarumi zai tashi ya nufi ƙofa ranar Talata, amma fitowarsa waje sai bayan mako uku a wani ƙauye daban, a fim kuma taku ɗaya ne tsakaninsu. A cikin mako ukun ya yi aski, an wanke rigar ta koɗe, wanda ya naɗa masa rawanin farko ya tafi Kano bai dawo ba.

Sannan galibinmu da kyamara ɗaya muke aiki. Hirar minti biyu sai an maimaita ta sau uku ko huɗu: daga nesa, kan fuskar wannan, kan fuskar wancan. Kowane maimaici sai an sake gutsurar goro, an sake kurɓar fura. Rana kuma ba ta jiran kowa, inuwar da ta kwanta yamma da hantsi ta koma gabas da la'asar. Wanda ya fi duka ciwo shi ne kuɗi su yanke ana tsakiyar aiki. An fara da hunturu, gari ya yi fari fat da hazo, aka dawo bayan ruwa ya zauna. Jarumi ya shiga daji a bushe, ya fito gero ya kai masa ƙugu.

Finafinanmu ne kaɗai ke wannan, ko har na Turawa?

Har su, da kuɗinsu da ma'aikatansu. A Gladiator na shekarar 2000, wanda ya ci kyautar Oscar ta gwarzon fim, akwai inda keken doki ya kife a filin wasa, tukunyar gas da aka ɗaura a jikinsa ta fito fili. Mahayan Rumawa na cikinsa kuma da likkafa suke hawa, alhali Rumawan lokacin ba su san ta ba. A Braveheart na 1995, an sa wa William Wallace, wanda aka kashe a 1305, irin zanen nan da mazan Sikotland ke ɗaurawa, zanen da sai ƙarni na 16 ya fito. Shahararren yaƙinsa na gadar Stirling a 1297, gadar ce ta ba shi nasara, amma a fili aka ɗauke shi babu gada ko ɗaya. A Titanic na 1997, jarumi ya ba da labarin kamun kifi a tafkin Wissota, tafkin da sai 1917 aka tare shi, jirgin kuwa a 1912 ya nutse. A 2019 kuma aka bar kofin kofi na takarda a kan teburin liyafa a Game of Thrones, duniya ta yi ta dariya.

Sai dai kada ka yarda da duk hoton da aka turo maka. Wanda ke yawo na jirgin sama a saman kan jarumin fim ɗin Troy, haɗa shi aka yi a kwamfuta, babu shi cikin fim ɗin.

Me ya sa ban taɓa ganin kuskuren ba sai an nuna mini?

Ido yana bin abin da zuciya ta sa gaba. A 1999 wasu masana halayyar ɗan'adam biyu a Amurka, Daniel Simons da Christopher Chabris, suka nuna wa mutane bidiyon 'yan wasa suna jefa wa juna ƙwallo, suka ce a ƙirga jifan. Ana cikin haka wata ta shigo da shigar goggon biri, ta tsaya tsakiya ta bugi ƙirji ta wuce. Kusan rabin masu kallon ba su gan ta ba. In ka damu da ko za a kashe jarumi, ba ka da lokacin duba wuyan hannun dogari.

Masu tace fim sun san da wannan, kuma da shi suke aiki. Walter Murch, ɗaya daga cikin manyan editocin Amurka, ya jera abubuwa shida da yake dubawa kafin ya yanka hoto, ya ba motsa zuciyar mai kallo kashi 51 cikin 100, daidaiton inda kowa da komai yake kuwa kashi 4 kacal. Wato in an yi ɗauka biyu, ɗaya rawani daidai amma kukan jaruma na ƙarya ne, ɗaya rawani a karkace amma hawaye na gaske, ta biyun za a ɗauka da sani. Abin da ya canza shi ne mu masu kallo. Da a silima ake kallo, abin da ya wuce ya wuce. Yanzu kowa da wayarsa, ya tsayar, ya koma baya, ya buɗa hoton da yatsu biyu.

Idan za a ɗauki fim ɗin tarihi a Katsina ko Daura, me ya fi tona asiri a lokeshin?

Sama da ƙasa. A sama akwai wayar lantarki, da kwanon rufi, da eriyar kamfanonin waya, yanzu kuma ga faifan sola har a rugage. A ƙasa akwai sawun tayar babur a kan rairayi, da baƙar leda maƙale a ƙaya, da ledar fiya wata da ma'aikatan fim ɗin da kansu suka sha suka yar. Kunne ma yana kamawa: injin markaɗe, janareta, kiran salla a lasifika. An sha gama ɗauka lafiya, sai a ɗakin tacewa a ji keke napep yana hon a bayan jawabin Sarkin Yaƙi.

Wuraren tarihin ma ba su tsira ba. Hasumiyar Gobarau tana nan, mita 15 ko kusa da haka, amma gine-ginen zamani sun kewaye ta, sai mai ɗaukar hoto ya durƙusa ya ɗaga kyamara sama kafin ya same ta ita kaɗai. Yawancin ƙofofin ganuwa an sake su da siminti. Rijiyar Kusugu a Daura an yi mata ɗaki an gyara bakinta, don haka mai son nuna daren da aka kashe macijiya gara ya nemi tsohuwar rijiya a ƙauye. Ginin ƙasa na gaske, na tubali da azara, mai zanko a bisa soro, yana nan a ƙauyuka, amma duba ƙofar: sau da yawa ta ƙarfe ce, da kwaɗo ɗan Sin a jiki. Duk waɗannan ana ganinsu in an sa ido. Wanda ba a gani yana cikin amsa ta gaba.

Na ji an ce har bishiya da abinci suna zama kuskure. Da gaske ne?

Da gaske, kuma a kaina na koya. Muna ɗaukar wani wasa a wani ƙauye a hanyar Daura, mun shimfiɗa wa sarkinmu buzu a gindin wata ƙatuwar bishiya mai inuwa, mun kwashe leda, mun cire agoguna, ina ta jin daɗin kaina. Wata tsohuwa da ke zaune a gefe tana kallonmu ta yafuto ni. Na durƙusa na gaishe ta, ta ce, "Ɗan nan, wane zamani kuka ce kuna yi?" Na ce, "Iya, tun kafin zuwan Turawa." Ta yi dariya har da tafa hannu. "To ai wannan bedin da kuka zaunar da sarkin naku, a gabana malamin daji ya dasa shi, ina yarinya ina tallar fura. Ku koma gindin tsamiyar can, ita ta ga kakannina." Muka naɗe buzu muka koma.

Gaskiyarta. Bedi, wanda wasu ke kira darbejiya ko dogon yaro, daga yankin Indiya ya fito, kuma a 1928 aka fara dasa shi a Borno, daga baya ya cika Arewa har muka ɗauka da shi aka halicci garuruwanmu. Haka bishiyar turare, 'yar Ostareliya ce. Itatuwan kakanninmu su ne kuka, tsamiya, gawo, rimi, ɗorawa, kanya, kurna, aduwa, magarya, giginya, da ceɗiya ko durumi a ƙofar fada. Matsalar ita ce da wuya ka juya kyamara a Katsina yau bedi bai leƙo ba.

A tukunya ma haka. Masara, rogo, gyaɗa, barkono, tumatir, dankali, gwanda da taba duk daga nahiyar Amurka suka fito, babu ɗaya da ya taka Afirka kafin tafiyar Kolombus ta 1492. A labarin zamanin jihadi ba laifi a ga masara ko a shaƙi taba, sun riga sun iso. Amma a nuna Daurama ana daka mata barkono, ko ana gasa wa Bayajidda masara, kuskure ne daidai da a ba shi wayar hannu, sai dai wannan babu mai dariya. Yajin lokacin masoro ne da kimba da citta, miya kuka ko kuɓewa da daddawa, tuwo na gero ko dawa.

Sutura fa? Ai babbar riga da rawani ba su canza ba.

Sunan ne bai canza ba. Shaddar da muke sawa yau, mai sheƙi, ta masana'anta ce, aikin wuyanta kuma na keke. Rigar da saƙar hannu ce, sirara-siraran ƙyallaye da masaƙa ke saƙawa a harhaɗa su da allura, har kana ganin layin ɗinkin: saƙi, ƙore mai baƙin sheƙi na bugu, tsamiya, da aikin hannu irin aska takwas. Rawanin ɗan Kura yakan bar shuni a fuska. Hular zanna bukar kuwa sunan ɗan siyasar jamhuriya ta farko ta ci, Zanna Bukar Dipcharima, don haka ba ta da wuri a kan bafaden ƙarni na 19. A ba shi haɓar kada ko dara. Talaka kuma bai da riga uku, a gona walki ne ko bante.

Wajen mata abin ya fi yawa. Leshi, zif a bayan riga, gashin kanti, gashin ido na mannawa, jan baki, da fatar da mai ya sauya wa launi. Hijabi irin wanda muka sani yau daga ƙarshen shekarun 1970 ya fara yaɗuwa. Kafin nan zane ne da mayafi. Na san mai fim yana da hukumar tacewa da jama'ar gari a gabansa, kuma ban ce a fito da kowa da ɗaurin ƙirji ba, amma babban mayafin saƙi yana rufe jiki ya kuma tsaya cikin zamaninsa. Akwai kuma abin da aka rasa, wanda shi ma kuskure ne: tsaga. A da fuska ce takardar shaida, da ganin mutum ka san Bagobiri ne ko Bakatsine. Taron fada na mutum 40 babu ko bille ɗaya, wannan taron 'yan bana ne.

Akwai abin da yake kama da kuskure amma ba kuskure ba ne?

Akwai, kuma a nan masu zagaye da jan layi suke shan kunya. Ba Turawan mulki suka fara kawo mana kayan waje ba. Heinrich Barth, Bajamushen da ya zo Katsina da Kano a 1851, ya tarar da yadin Manchester a kasuwa, da ruwan takobi daga Solingen ta Jamus, da madubai da allurai da takarda, duk ta Sahara a bayan raƙuma. Takardar da malamanmu suka yi rubutun ajami a kai da yawa daga Italiya take, mai tambarin jinjirin wata uku. Saboda haka attajirin 1850 da madubi a hannu, ko malami da tarin takardu, ko bindigar toka a hannun wani bawan sarki, babu laifi. Tambayar ita ce a hannun wa, kuma guda nawa. Madubi ɗaya a ɗakin matar fatake daidai ne. Madubi a kowace bukka, a'a.

Dole ne 'yan wasa su yi tsohuwar Hausa?

Ba dole ba. In aka cika fim da kalmomin da sai an buɗe ƙamus, mai kallo zai kashe ya kwanta. Abin nema shi ne a tsince kalmomin da ke ɗauke da zamaninsu a goshi. Sarki ba zai ce "ku ba ni minti biyar" ba, ko "mu haɗu ƙarfe huɗu". Lokacinsa asuba ne, hantsi, walaha, azahar, la'asar, almuru. Ba shi da soja, yana da dakaru da barade da 'yan lifida da 'yan baka. Ba ya ba da oda, ba ya kai mutum kotu, "sati" ma daga bakin Bature muka same shi.

Wanda ya fi wuyar kamawa shi ne tunanin da ke bayan kalma. Sunan Najeriya a 1897 aka ƙirƙiro shi, ƙasar kuma a 1914 aka haɗe ta. Mutumin 1850 ba zai ce ya tsallaka Nijar ba. Maraɗi ya tafi, wurin zuriyar sarakunan Haɓe da suka bar Katsina bayan 1807, kuma a idonsa su ma Katsinawa ne. Sai karin harshe, wanda ni ya fi ci mini rai: labari a tsakiyar Katsina, amma kowa yana Kananci tsantsa, babu mai cewa "mi" ko "shina" ko "tahi". Wannan ko kwabo ba ya ci wajen gyara.

Fim ɗin da labarinsa bai yi nisa ba, kamar shekarun 1960 ko 1980, ba ya fi sauƙi ba?

Ya fi wuya, don shaidu suna da rai. Ka yi kuskure a zamanin Sarkin Katsina Korau babu mai tashi ya ce yana wurin, amma ka yi a 1970 kawunka zai kama ka tun kafin a gama fitowar farko. Kafin 1973 kuɗi fam ne da sule da sisi da taro da kwabo, aka canza fam 1 a kan naira 2. Takardar naira 20 mai hoton Murtala ta 1977 ce, naira 50 ta 1991, naira 100 ta 1999, naira 500 ta 2001, naira 1,000 ta 2005. Kafin 2 ga Afrilun 1972 a hannun hagu ake tuƙi a ƙasar nan. Kamfanin Peugeot na Kaduna a 1975 ya fara harhaɗa motoci. Jihar Katsina sai 23 ga Satumban 1987 aka cire ta daga Kaduna, don haka allon ofis ko lambar mota mai sunanta kafin nan kuskure ne. Wayar hannu ta GSM 2001 ce.

Zamanin Turawa ma yana da nasa tarko. Gwamna Lugga ya shigo Katsina a 1903, amma Sarki Muhammadu Dikko sai 1906 ya hau, ya yi mulki har 1944. Na taɓa ganin wasan makaranta da aka sa shi yana tarbar Turawa a matsayin sarki. Hawan Bariki kuwa sunansa ma ya faɗi lokacinsa, ba zai yiwu kafin a gina barikin ba. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, reshensa ya bi ta Funtuwa, amma bai shigo birnin Katsina ba, don haka ɗalibin Kwalejin Katsina na shekarun 1920 ba a tashar jirgin garin za a sauke shi ba.

Labarin Bayajidda ba shi da tabbatacciyar shekara. Ta yaya za a ce an yi kuskuren zamani a cikinsa?

Masana da dama suna kai shi ƙarni na 9 ko na 10, kuma ko da an yi jayayya kan wannan, akwai iyakokin da aka sani. Na abinci na riga na kawo su a amsar bishiya. Rubutaccen tarihin Kano ya danganta lifidi da sulke ga Sarki Kanajeji, 1390 zuwa 1410, kakaki ga Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, ya kuma ce wuri ya shigo ƙasar Hausa zamanin Sharefa, 1703 zuwa 1731. Tarihin Kano ne, amma Daura ba ta da nisa. Fadar Daurama da ake busa kakaki, ana ciniki da wuri, an jawo ta gaba da ɗaruruwan shekaru. A wasu ruwayoyin ma mutanen garin ba su san dabbar da baƙon ya hau ba, sai kwatanta ta suka yi da sa. In haka ne, rundunar mahaya a ƙofar fada ta saɓa wa labarin kansa.

Duk da haka nakan sassauta a nan. Labarin da ya biyo ta bakin kaka da kakanni ya riga ya kwaso ƙurar zamunna, ko batun cewa sai ranar Juma'a ake ɗibar ruwa lissafin kwanaki ne irin na Musulunci. Abin da nake nema wurin mai fim shi ne ya zaɓi duniya ɗaya ya tsaya a cikinta.

Wani lokaci ba da gangan ake yi ba?

Ana yi. A Marie Antoinette na 2006, darakta Sofia Coppola ta bar takalmin Converse cikin takalman sarauniyar Faransa ta ƙarni na 18, don ta nuna yarinya ce kamar 'yan matan yau. Shakespeare ma ya sa agogo ya buga a wasansa na Julius Caesar, a Rum da ba ta da agogo mai bugawa. Mu ma muna da namu: waƙar soyayya da fiyano a tsakiyar fim ɗin sarauta, kowa ya san ba kiɗan lokacin ba ne, kasuwa ce ta nema. Ni dai da kalangu da garaya da kotso aka sa da ya fi mini daɗi, amma ba na kiransa kuskure, tunda ba a yaudari kowa ba. Abin da ba na karɓa shi ne a kama darakta da butar roba ya ce fasaha ce.

To wane kuskure ne ya fi muni?

Ba agogon ba. Agogo ana gani a yi dariya, babu yaron da zai tashi yana zaton dogaran Dallaje suna duba lokaci a hannu. Wanda ke ɓarna shi ne wanda ya shige ba a ji ba, ya zauna a kai a matsayin tarihi, don yaranmu da yawa a fim suke fara ganin zamanin da, kafin su gan shi a littafi.

Misali, an saba nuna duk abin da ya gabaci jihadin 1804 a matsayin duhu: mutane sanye da fatu, boka a kogo yana ihu, babu allo babu tawada. A Katsina? Garin da Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani suka yi karatu da rubutu a ƙarni na 17, garin da ya fitar da Muhammadu al-Katsinawi, masanin lissafin da ya rasu a Alƙahira a 1741? Wannan ma kutsen zamani ne, baya aka tura mutane maimakon gaba. Ɗaya gefen kuma a wanke tarihi tas: fada babu bayi, kasuwa babu cinikinsu, kowane sarki kamar mai martaba na yau a zaune kan kujerar kushin. Fim zai iya fita babu leda ko ɗaya, babu agogo, amma ƙarya ce daga farko har ƙarshe.

Ba mu da kuɗi. Me za mu iya yi?

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun a takarda ku yanke shekara guda, ku rubuta ta a bangon labarin, ko da ba za a faɗe ta a fim ba. "Zamanin da" ba shekara ba ce, tana iya zama 1450 tana iya zama 1950. Sannan ku rage buri: ɗaki ɗaya da tsakar gida da aka shirya daidai sun fi filin yaƙi mai doki uku da wayar lantarki a sama.

Ku ware mutum ɗaya don ci gaban shiri, kada a haɗa masa da sayen abinci ko riƙon fitila. Ya ɗauki hoton kowane ɗan wasa da waya kafin a fara da bayan an yanke, ya rubuta hannun da aka riƙe sanda da shi, da inda fura ta tsaya a ƙwarya. Kayan kowace ranar labari a jaka daban, da suna a jiki. Kafin darakta ya ce a fara, a bi layi a duba wuyan hannu, kunne, ƙafa da aljihu, musamman na 'yan cika taro, don su ne ke shigowa da silifa da tabarau. Wanda ya cire agogo a duba ko ya bar farin tabo a fata. Dalilan da suka sa ake buƙatar duk wannan suna cikin amsa ta biyu.

Idan an riga an ɗauka, ana iya gyarawa? Kuma ina za mu je bincike kafin aiki na gaba?

Wani ana iyawa. Kofin Game of Thrones cikin kwana biyu aka goge shi da kwamfuta. James Cameron ma ya sake taurarin saman Titanic a fitowar 2012, bayan masanin taurari Neil deGrasse Tyson ya nuna masa ba su ne na daren ba. Mu a nan edita yana iya matso da hoto ya yanke wayar lantarki, ko ya rufe da fuskar mai sauraro, ko a sake ɗaukar murya. Amma bedin da sarki ya jingina da shi, ko shaddar da jarumi ya sa tun daga farko, sai haƙuri.

Bincike kuwa ba sai an yi nisa ba. Gidan tarihi yana cikin tsohon ginin Kwalejin Katsina, ga Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha, ga sashen tarihi na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa. Wanda ya kai Kaduna ya shiga Gidan Arewa ya nemi tsofaffin hotuna. Littafin Yusufu Bala Usman kan Katsina daga 1400 zuwa 1883 zai nuna maka wa ke riƙe da wace sarauta a wane lokaci, ƙamus ɗin Bargery na 1934 kuma zai gaya maka ko kalma ta riga ta shigo. A nemi fim ɗin Shaihu Umar na 1976, wanda Adamu Halilu ya ba da umarni, aka sabunta shi aka nuna a Balin ta Jamus a 2018, a dubi sutura da gine-gine. Bayan duk wannan, ranar da kuka je duba lokeshin ku sayi goro, ku tambayi mai gari wace ce ta fi kowa tsufa a ƙauyen, ku zauna ku karanta mata labarin tun kafin a sauke kyamara daga mota.